Alhaji Alhassan Ɗantata da Kujerar Majalisar Sarki: Tsokaci a Kan Yadda Muke Ba da Tarihinsa

Bayan na ajiye aikin gwamnati, an taɓa sanya ni cikin alƙalan wata gasar rubutu ta 'yan makarantun sakandare, inda aka nemi kowane ɗalibi ya rubuta tarihin wani mashahurin Bakano. Da dama daga cikinsu sun zaɓi marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, Allah ya jiƙansa da rahama. Da na karanta takardu uku sai na tarar tamkar na karanta dukkansu. An haife shi a Bebeji a 1877. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami. Wata tsohuwa mai suna Tata ta rene shi, daga nan ya samo sunan da duniya ta san shi da shi. Ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, ya shiga cinikin gyaɗa, ya kai kuɗi banki a kan raƙuma ashirin, ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma. Daga nan sai a rufe da cewa gaskiya da riƙon amana da tsimi su ne suka kai shi wannan matsayi. Ban ga laifin yaran ba. Abin da malamansu suka ba su ke nan, su kuma malaman abin da suka tsinta ke nan a 'yan ƙananan takardu da jawaban da ake karantawa a wajen bukukuwa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, cikin takardun nan babu wadda ta ba shekaru biyar na ƙarshen rayuwarsa fiye da layi ɗaya, wato lokacin da ya zauna a majalisar Sarkin Kano, ya kuma mara wa jam'iyyar NPC baya. Wanda ya ambata ma yakan kawo shi ne kamar wata lambar girma da aka rataya wa dattijo domin ya tsufa da mutunci. Ni kuwa a ganina wannan kujera ita ce mabuɗin fahimtar rayuwar tasa baki ɗaya. Muddin muka ci gaba da tsallake ta, yaranmu za su tashi suna zaton kasuwa daban take, mulki daban, alhali kuwa ba a taɓa yin haka a Kano ba. Dalilin wannan ɗan tsokaci ke nan. Mai karatu kada ya ɗauka rage wa marigayin daraja nake nema. Mutumin da ya kai inda ya kai ya wuce a riƙa ba da labarinsa kamar tatsuniya.

Maraya, amma ɗan madugu

Gyara na farko ya shafi mafarin labarin. Yadda ake jaddada maraicin Alhassan da renon Tata yakan sa yaro ya ɗauka daga babu ya taso. Gaskiya ne ya sha wuya, amma gidan da ya fito gidan madugai ne. Mahaifinsa Abdullahi Ba'agale ne, ɗan Baba Talatin, wanda ya taso daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi. Agalawa kuwa, kamar yadda Paul Lovejoy ya nuna a littafinsa na 1980 a kan fataucin goro, suna ɗaya daga cikin jama'u uku da suka riƙe wannan fatauci a ƙarni na 19, tare da Tokarawa da Kambarin Barebari. Mahaifiyarsa Amarya ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta, kuma bayan rasuwar mijinta ta koma Akara da zama. Ashe ke nan lokacin da Alhassan ya bi ayari zuwa Gwanja yana ɗan saurayi, hanyar ubansa ya bi, kuma a can ƙarshenta akwai uwa.

Wanda ya san fatauci ya san cewa abin da Ba'agale ke gada ya fi kuɗi. Yana gadon masauki a kowane zango, da fatoman da ya san ubansa, da dillalin da zai ba shi huhun goro bashi ba tare da takarda ba, da sanin yadda ake fifita goro a sauya masa ganye kada ya lalace a hanya. Wannan shi ne jarin da rabon gado ba ya cinyewa. Hazaƙar Alhassan ta bayyana ne wajen gane cewa tsohuwar hanya ta soma mutuwa. Tun bayan da Turawan Ingila suka ci Asante a 1874 kasuwar Salaga take ja da baya, yaƙin basasar da aka yi a can a 1892 kuma ya ƙarasa ta. Yana cikin Hausawan farko da suka koma ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar tekun Gwalkwas, wato Gana ta yau, zuwa Ikko. Wannan abin yabo ne, kuma ya fi kyau a koya wa yaro shi a kan a koya masa cewa arziki daga sama ya faɗo wa maraya.

Akwai kuma wani abu da takardun yaran suka tsallake gaba ɗaya, wato Basasa. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi kuma suka ƙi, suka fita tare da Yusufu. Yusufu ya rasu a Garko, Aliyu Babba ya gaje shi, ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Masu tarihin Ɗantata sun kawo cewa Agalawa sun karkata wajen Tukur, kuma da Yusufawa suka auka wa Bebeji an kama Alhassan da 'yan'uwansa, sai da aka fanshe su. Ba a cika shekara goma ba kuma, a farkon 1903, rundunar Kanar Morland da ta taso daga Zariya ta fasa ƙofar Bebeji da igwa a kan hanyarta ta zuwa Kano, wadda ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu. Sau biyu ke nan cikin ƙuruciyarsa sauyin mulki ya bi ta kan garinsu. Ba na cewa na shiga zuciyar marigayin, amma ina ganin saurayin da aka taɓa ɗaurewa saboda danginsa sun bi sarkin da ya faɗi, da wuya ya sake ɗaukar maganar wa ke kan gado a matsayin abin da bai shafi ɗan kasuwa ba.

Gyaɗa: wa ya ci, wa ya biya

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai za a yi lodi, domin masaƙun Lankasha, har suna da ƙungiya ta musamman don wannan tun 1902. Sai ga shi masaƙan Kano suna biyan auduga fiye da yadda Bature zai biya, manomi kuma ya ga gyaɗa ta fi masa, domin masana'antun mai da sabulu da man shafa wa burodi a Turai suna nemanta ido rufe, kuma in shekara ta ɓaci ana iya cinta. A nan masana suka rabu gida biyu, kuma ya kamata malamin makaranta ya san gidajen biyu.

Jan Hogendorn, a littafinsa na 1978 a kan asalin fitar da gyaɗa daga Nijeriya, ya ɗora abin a kan basirar manoman Kano da fataken goro irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo da Alhassan Ɗantata. A wajensa, kamfanonin Turawa ba su san ƙauye ba, ba su san harshe ba, ba su san wa za a amince wa ba. Fataken su ne suka watsa yaransu cikin karkara da kuɗi da gishiri da tufa, suka shawo kan manomi. Robert Shenton kuma, a nasa littafin na 1986 a kan yadda jari-hujja ya kafu a Arewa, ya dubi abin ta wata fuska. Shi ya ga harajin da aka tilasta a biya da kuɗin Bature, da bashin da manomi ke ci tun damina, da yadda yunwa ta riƙa samun ƙofa, kamar wadda aka yi a 1914, shekara biyu kacal bayan buɗe hanyar jirgi.

Labarin da muke bayarwa a makarantu rabin maganar Hogendorn ne, an cire sauran fataken an bar mutum ɗaya, an kuma cire manomin gaba ɗaya. Ga yadda cinikin yake tafiya. Kamfani ya ba babban wakilinsa kuɗi tun kafin kaka. Wakili ya rarraba wa yaransa. Yara su bazu kasuwannin ƙauye da bakin hanya, su kafa sikeli, a ƙarƙashinsu kuma ga 'yan baranda masu tarar manomi tun kafin ya iso. Manomin da hatsinsa ya ƙare a tsakiyar damina ya riga ya karɓi kuɗi a kan gyaɗar da ba ta nuna ba. Da kaka kuma ga dagaci yana jiran haraji, saboda haka ba shi da halin riƙe kayansa har farashi ya tashi. Kakana na wajen uwa manomin gyaɗa ne, kuma har ya koma ga Allah ba ya ambaton sikeli sai ya girgiza kai. Bai taɓa zagin wani attajiri ba, hasali ma yakan ce wanda ya ba ka a watan da rumbu ya yi ƙasa ya yi maka rana. Amma ya san a hannun wa riba take tsayawa.

Ɗantata ya soma sayen gyaɗa wa Kamfanin Neja a 1918, kuma da aka haɗe wannan kamfani da wani aka kafa U.A.C. a 1929, ya zama babban wakilinsu a Kano. An shaide shi da cika alkawari da kyautata wa yaransa, da yawansu ma sun zama attajirai na kansu. Wannan ba abin musu ba ne. Sai dai kyawun halin mutum ɗaya bai sauya ginin da yake ciki ba, kuma tarihin da ya ambaci buhu bai ambaci wanda ya noma abin da ke cikin buhun ba, ragagge ne.

Haka ma labarin raƙuma ashirin da aka ce sun kai kuɗin azurfa bankin Turawa a 1929. Yara suna son wannan labari, ni ma ina sonsa. Amma ana ba da shi ne kamar Alhaji taska ya tara yana kallo. Mai sayen gyaɗa dole ya riƙe tsabar kuɗi masu yawa, domin manomin wancan zamani ba ya yarda da takarda, sai abin da zai ƙirga ya ji nauyinsa. Kuɗin nan kayan aiki ne, kamar yadda garma take ga manomi. Dalar gyaɗa ita ma haka take. Na ga na ƙarshe-ƙarshensu ina yaro, kafin farin 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 su kawo ƙarshen abin, kuma har yau in na tuna sai na ji wani iri. Amma dalilin da ya sa ake jera buhuna har su zama dala shi ne jirgin ƙasa ya kasa kwashe su a kan lokaci, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu da aka yi ƙarancin kawunan jirgi da taragu. Wata gyaɗar takan shekara a fili ƙwari na ci. Abin da muka mayar tambarin alfahari, a wajen ma'aikatan wancan lokaci ciwon kai ne.

Iyakar da aka yi wa attajirin ƙasa

A nan ne nake ganin masu yabon Ɗantata suka fi cutarsa, domin sun ɓoye abin da ya yi fama da shi. Duk yawan dukiyarsa, shekara talatin da wani abu yana saya wa wani ne. Kamfanonin Turawa irin su U.A.C. da John Holt da G.B. Ollivant da kamfanonin Faransa su ke da hanyar fitar da kaya, su ke da alaƙa da jiragen ruwa da banki, kuma sukan haɗa baki su tsayar da farashi su raba kasuwa a tsakaninsu. Wanda ya iya karya wannan shinge a Kano a ƙarshen shekarun 1930 shi ne Saul Raccah, Bayahuden Tarabulus, ba ɗan ƙasa ba. Da yaƙi ya zo gwamnatin Ingila ta karɓe sayen amfanin gona, aka raba wa kamfanoni kaso gwargwadon abin da kowannensu ya fitar kafin yaƙi. Wanda bai taɓa fitarwa ba, ba shi da kaso. A gefe guda kuma ga Kwarori sun cika Fagge ta Kudu da kantuna da motocin lodi, suna gogayya da 'yan ƙasa a kan wakilcin ma.

A 1949 aka kafa Hukumar Sayen Gyaɗa ta Nijeriya, wadda a 1954 ta koma ƙarƙashin hukumar sayen amfanin gona ta Jihar Arewa. Daga nan gwamnati ce ke yanke farashi kowace kaka, ita ce kaɗai mai fitarwa, kuma ba mai sayar mata sai wanda ta ba lasin. Mai karatu ya lura da wannan sosai. Daga 1949, girman ɗan kasuwar gyaɗa ya koma rataye a kan takardar da hukuma ke sa wa hannu. Ɗantata bai sami wannan lasin ba sai a kakar 1953 zuwa 1954, saura shekara biyu ya bar duniya. Mutumin da ake ce wa ya fi kowa kuɗi a Afirka ta Yamma sai da ya haura shekara saba'in da biyar kafin ya daina sayar da gyaɗar ƙasarsu ta hannun baƙo.

Ban da lasin, akwai abubuwan yau da kullum da suka ɗaure attajiri da En'e. Filin da zai kafa sikeli ko ya gina sito, ta hannun En'e yake fitowa. Bashin da ya watsa cikin karkara, in aka ƙi biya, gaban alƙalin En'e za a je. Yaransa a ƙauye suna ƙarƙashin idon hakimi da dagaci. Kwangilar gini da ta kawo kaya, En'e ce babbar mai bayarwa. Wanda yake da wannan irin harka ba shi da zaɓin zama ɗan ba-ruwana. Tun kafin a san kalmar jam'iyya yana cikin siyasa, ta gaisuwa da kyauta da sanin ƙofar da ake bi.

Wane talaka?

Shekarar 1950 ta zo wa sarautun Arewa da girgiza. Ranar 8 ga Agusta aka kafa NEPU a Kano. A cikin watan nan dai Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a binciki tsarin mulkin En'e a gyara shi, abin da ya ba sarakuna da Turawa mamaki, domin ba daga bakin ɗan tawaye ya fito ba. Turawa suka shiga matsa wa sarakuna su faɗaɗa majalisunsu, har a 1952 aka soke matsayin da ya mai da sarki shi kaɗai ne hukuma, aka ce sarki da majalisarsa. A cikin wannan yanayi ne, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka shigar da Alhaji Alhassan majalisar Sarkin Kano.

Masu rubutu sukan faɗi abu biyu game da wannan: wai shi ne mutum na farko da ba jinin sarauta ba da ya zauna a majalisar, kuma wai ya shiga ne a matsayin wakilin talakawa. Dukkan maganganun biyu suna buƙatar gyara.

Ta farkon sako-sako ce. Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta ba 'ya'yan sarki ba ne, gidajen Yolawa ne da Joɓawa da Dambazawa da Sulluɓawa. Malamai ma sun zauna, misali Wali Sulaiman a zamanin Abdullahi Bayero ɗin kansa. Kafin zuwan Turawa kuwa manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama suna da bakin magana a fada wanda ya fi na hakimai da yawa. Sabon abu a game da Ɗantata shi ne ya zauna ne a matsayinsa na ɗan kasuwa, ba rawani ya kai shi ba, ba alƙalanci ba, ba aikin fada ba. Wannan ya isa abin tarihi, ba sai an ƙara masa gishiri ba. Attajiran Kano sun daɗe suna kusa da fada, amma daga zaure suke magana, ta bakin wani. Yanzu ɗayansu ya shiga ciki.

Ta biyun ita ce ta fi haɗari, domin kalmar talaka tana da fuska biyu a Hausa, kuma masu fassara daga Turanci sun cakuɗa su. A harshen fada, talaka shi ne duk wanda ba shi da sarauta, ko da kuwa yana da raƙuma ɗari. A wannan ma'ana Ɗantata talakan Sarkin Kano ne, shi ma ba zai musa ba. A harshen kasuwa da gona kuwa, talaka shi ne mara shi, wanda haraji ke hana barci. NEPU da ta zo, wannan ma'ana ta biyu ta ɗauka ta mai da ita makami, ta ce rigimar Arewa tsakanin talakawa take da masu riƙe da En'e. Teloli da maƙera da 'yan tireda da ƙananan malamai suka ji da su ake. Da aka ce wa fada ta shigar da talaka majalisa, sai ta shigar da talaka a ma'anar farko, alhali masu kuka suna nufin ta biyu. Ko da gangan aka yi ko ba da gangan ba, dabara ce mai kyau, kuma har yau tana aiki a kanmu, tun da ga shi muna rubuta wa yara cewa wanda ya fi kowa dukiya shi ne wakilin marasa shi, ba tare da mun tsaya mun yi bayani ba.

Zaɓen 1951 ya nuna inda aka dosa. An yi shi ne hawa-hawa, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, kuma a hawan ƙarshe an ba En'e dama ta ƙara mutanenta har kashi ɗaya cikin goma na masu zaɓe. NEPU ta yi rawar gani a zagayen farko a birnin Kano, amma ko mutum ɗaya nata bai kai majalisar Kaduna ba. A watan Oktoba na wannan shekara Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar al'adu, ta zama jam'iyyar siyasa sosai, wato NPC. Richard Sklar, a littafinsa na 1963 a kan jam'iyyun Nijeriya, ya nuna cewa ƙarfin NPC ya tsaya ne a kan haɗin gwiwar sarakuna da ma'aikatan En'e da manyan attajirai, Kano kuwa ita ce babban misali. Gidan Ɗantata na cikin wannan haɗi, haka Alhaji Haruna Kassim, haka Alhaji Ibrahim Musa Gashash wanda ya kai har minista a gwamnatin Sardauna.

To, a nan kuma sai in juya ga 'yan'uwana da suka taso cikin aƙidar Sawaba, waɗanda in an ambaci attajiran NPC sai su ce ai 'yan koren sarakuna ne da Turawa, a wuce wurin. Wannan ma gajeren tunani ne. Attajirin Kano na 1950 yana da nasa kukan na gaskiya, kuma na riga na faɗe shi: kamfanonin Turawa sun danne shi, Kwarori sun matse shi, banki ba ya ba shi rance yadda yake ba baƙo. Ya duba ya ga mulki na shirin komawa hannun 'yan ƙasa, kuma duk wanda ya riƙe Kaduna shi zai riƙe hukumar gyaɗa da lasin da rance da kwangila. Jam'iyya ɗaya tana cewa za ta fifita ɗan Arewa a aiki da kasuwa, ba tare da ta taɓa alƙali da hakimin da bashinsa ke hannunsu ba. Ɗayar tana cewa za ta rushe ginin da harkarsa take tsaye a kai. Ba sai an kira mutum ɗan kore ba kafin a gane wadda zai zaɓa. Kuma lissafin nasa ya fita, domin manufar fifita 'yan Arewa da gwamnatin Sardauna ta bi daga tsakiyar shekarun 1950 ta buɗe wa 'yan kasuwar ƙasa ƙofar lasin da rance wadda a da take rufe. Abin tambaya shi ne nawa ne daga cikin wannan ya gangaro wa manomi, tun da hukumar gyaɗa ta ci gaba da biyansa ƙasa da farashin duniya tana tara rarar, har aka rushe hukumomin a 1986.

Wani abokina, tsohon hedimasta, ya taɓa ce mini bai kamata a kira Alhaji Alhassan ɗan siyasa ba, tun da ba a san shi da hawa tebur yana lacca ba, ba a kuma san shi da yawon neman ƙuri'a ba. Na ce masa dattijo ɗan shekara saba'in da uku, wanda ɗaruruwan magidanta ke ci a ƙarƙashinsa daga birni har ƙauye, ba ya buƙatar tebur. A zaɓen da ake yi hawa-hawa, a gaban dagaci, inda kowa ya san wanda kowa ya bi, sanin inda maigida ya karkata ya fi lacca goma. In mun taƙaita siyasa ga masu lasifika, za mu rasa fahimtar yadda aka yi mulkin Kano a wancan zamani, da ma bayansa.

Shekarun ƙarshe sun zo da sauye-sauye a jere. A watan Mayun 1953 aka yi tarzomar Kano, bayan rigimar da ta biyo ƙudurin neman mulkin kai a majalisar Ikko. A ƙarshen shekarar Sarki Abdullahi Bayero ya rasu, ɗansa Ciroma Muhammadu Sanusi, wanda dama jigo ne a NPC, ya hau gado. Alhaji Alhassan ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa da ke Sarari. Bai ga mulkin kan Jihar Arewa na 1959 ba, balle na ƙasa.

Abin da shi ya yi daga kujerar majalisar sarki, 'ya'yansa sun yi shi a filin zaɓe. Alhaji Aminu Ɗantata, wanda ya karɓi ragamar kamfanin gidan a 1960, ya shiga Majalisar Dokokin Jihar Arewa a 1961, ya kuma yi kwamishina a gwamnatin Audu Baƙo daga 1968 zuwa 1973. Ya rasu a watan Yunin 2025 aka binne shi a Madina. Amma wanda ya fara shi ne wansa Alhaji Ahmadu, babban ɗan marigayin, wanda ya gaji shugabancin kamfanin a 1955 ya riƙe har rasuwarsa a 1960. A zaɓen majalisar Jihar Arewa na 1956, shekara guda bayan rasuwar mahaifinsa, NPC ta tsayar da Ahmadu Ɗantata a mazaɓar Kano ta Gabas. Abokin takararsa shi ne Malam Aminu Kano, shugaban NEPU, kuma Ahmadu ne ya ci. Sai a zaɓen tarayya na 1959 Malam Aminu ya sami kujerar Kano ta Gabas, ya tafi majalisar Ikko.